Daga Teburin Malam: Takarda Ba Ta Kama Sa

  Zancenmu na yau ya shafi dabbobi.

Ran wata Asabar da la'asar muna zaune muna duba littattafan yara, sai muka ji sallama. Ashe wani tsohon ɗalibinmu ne da muka koya wa a aji shida shekarun baya. Mahaifinsa ma'aikaci ne, aiki ya kai shi Jiga Makera a ƙasar Aliero, can iyalin su ke zaune. Yaron ya gama sakandare, ya yi difloma a kan kiwon lafiyar dabbobi, ya komo gida. Shekara biyu ke nan yana zaune, ba aikin fari bare na baƙi. Yanzu ya ji labari wani likita mai asibitin dabbobi na kansa a wajen Jega yana neman mataimaki, shi ne ya kawo takardar neman aiki mu gyara masa Turancin.

Muka sa tabarau muka karanta. Turancin ba laifi, gama wani mai buga takardu da kwamfuta ne ya tsara masa. Abin da ke ciki ne ya sa muka ajiye jan biro. An sa masa "Dokta" a gaban sunansa. An ce ya yi shekara biyar yana aiki. An ce ya iya yi wa saniya tiyata ya fitar da maraƙi.

Muka ce, "Ɗana, saniya nawa ka taɓa yi wa tiyata?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ko ɗaya, Malam. Sau biyu dai na tsaya ina kallo."

"To, ina ka samo shekara biyar?"

"Malam, mai bugawan ya ce haka kowa ya ke rubutawa. Ya ce in na faɗi gaskiya ko karantawa ba za a yi ba."

Da muka ƙara bincike sai sauran magana ta fito. Mahaifinsa ya shirya zai sayar da rago ɗaya da su ke da shi, ya ba wani mutum da ya ce yana da hanya. Wani maƙwabci kuma ya ba da shawara yaron ya cire sunansa na baftisma daga takardar, wai kada a gane shi. Mun san ba gidan nan kaɗai ke da wannan damuwa ba, saboda haka muka nemi izininsu mu kawo zancen a wannan shafi, ba tare da ambaton suna ba.

DABBAR TALAKA

Kafin mu yi maganar takarda, bari mu tuna abin da a ke ɗanka wa mai wannan aiki. A ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama, dabba ita ce asusun talaka. Manomin Aliero in ya sayar da albasa, sau da yawa sai ya sayi bijimi ya ɗaure ya yi ta ba shi harawa da dusa. Shanun huɗa su ne ƙarfin gona. Mace mai jan awaki uku ta san inda kuɗin makarantar ɗanta zai fito, da inda za ta juya in ciwo ya shigo gida da dare. Bafulatani kuwa garkensa shi ne gadon ubansa da na 'ya'yansa. Wanda aka miƙa wa sirinji a kan irin wannan dabba, dukiyar gida ɗungum aka miƙa masa.

Manyanmu ba su manta da 1983 ba, shekarar da bushiya ta auka wa shanun Arewa, har waɗansu masu garke suka wayi gari ba su da ko ɗan maraƙi. A 2011 aka sanar an kawar da bushiya daga duniya duka. Masu allurar rigakafi da suka bi ruga ruga cikin rana da ƙura suna da babban rabo cikin wannan nasara. Da a ce sun riƙa rubuta cikin littafi sun yi allura alhali ba su yi ba, da har yau cutar tana nan. Har yanzu kuwa akwai ciwon huhu, da sammore, da ciwon hanta, da kirci, da mura da zawo da ke kwashe tumaki da awaki. Gwamnatin Tarayya ma ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a 2024. Aiki yana nan, ana kuwa bukatar masu amana.

KA SAN MATAKINKA

Kuskure na fari da yaranmu su ke yi shi ne neman matakin da ba su taka ba tukuna. A asibitin dabbobi akwai hawa hawa.

Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi shekara shida a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya kuma ta yi masa rajista. Shi ke da ikon amsa sunan likita. Wanda ya ɗauki sunan ba da rajista ba ya karya doka, ban da zunubin ƙarya.

Ƙarƙashinsa akwai ma'aikacin lafiyar dabbobi mai ƙaramar difloma ko babba. Ana samun wannan karatu a kwalejin tarayya da ke Vom kusa da Jos, garin da ɗakin binciken cututtukan dabbobi ya ke tun 1924, inda a ke yin allurar rigakafi iri iri. Ana samunsa kuma a kwalejin hanyar Mando a Kaduna. Da yawa cikin 'yan'uwanmu sun yi karatun gona a kwalejin Zuru, wadda ta zama jami'ar aikin gona ta tarayya a 2020. Mai difloma yana allura, yana ba da maganin tsutsa, yana wanke rauni, yana riƙe littafin lissafi, amma a ƙarƙashin idon likita.

Sa'an nan akwai mai kama dabba, mai share wuri, mai dafa kayan aiki, mai tsaron kantin magani. Kada kowa ya rena wannan mataki. Yaron da ya yi shekara ɗaya yana riƙe igiya da ido buɗe ya kan koyi abin da ba ya cikin littafi.

YADDA ZA A RUBUTA TAKARDAR

Muka yage takardar nan, muka ba yaron farar takarda muka ce ya lissafa abin da hannunsa ya taɓa yi, kome ƙanƙantarsa. Da fari ya ce ba kome. Da muka matsa, sai ga abubuwa suna fitowa. Tun yana shekara takwas ya ke kiwon awakin gidansu. Ya yi 'yan watanni na koyon aiki a asibitin gwamnati lokacin da ya ke makaranta. Ya iya auna zafin jikin dabba. Ya iya allura a ƙarƙashin fata da cikin tsoka. Ya iya ɗura maganin tsutsa. Ya iya babur, ya san hanyoyin ƙauyuka. Yana jin Hausa da Turanci, yana kuma iya gaisuwa da ƙirga da Fulatanci. Kafin magariba shafi ya cika, ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ga ƙa'idodin da muka bi, domin amfanin sauran gidaje:

1. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Likita yana da dabbobi suna jiransa.

2. A sa kwanan wata, da adireshi, da lambar waya mai aiki. Mun san yaron da ya rasa aiki domin ya ba da lambar yayansa, yayan kuwa yana gona.

3. A faɗi ainihin aikin da a ke nema, da inda aka ji labarinsa.

4. A faɗi makarantar da aka yi, da shekara, da takardar shaidar da aka samu, daidai yadda aka rubuta a jikin satifiket.

5. A lissafa abin da aka iya. In akwai babban abu da ba a iya ba tukuna, a faɗe shi a layi ɗaya, a ce ana so a koya. Yaronmu ya rubuta bai taɓa sa ruwa ta jijiya shi kaɗai ba.

6. A ba da sunan mutum biyu da za su tsaya wa mai nema, bayan an nemi yardarsu. Gara malamin da ya ga aikinka ko dattijon da ya san halinka, da babban mutum da bai taɓa ganinka ba.

7. A haɗa hoton takardun shaida kawai. Na ainihi a riƙe su a gida sai ranar ganawa, kada kuma a bar su a hannun kowa.

8. Mai neman aiki ya kai takardarsa da kansa, da tufa mai tsabta, a ranar da ba ta kasuwa ba. Baba ya zauna a gida. In uba ne ya kai, sai likita ya ce a ransa, wannan yaro ko magana ba ya iya yi, ina zai iya da bijimi?

Aikin gwamnati yana da tasa hanya. Akan yi sanarwa, a cika fom. Duk wanda ya tare ku a gindin itace ya ce ku kawo kuɗi ya kawo muku takardar ɗaukar aiki, ku riƙe aljihunku.

DAWUDA A GABAN SARKI

Cikin Littafi Mai Tsarki akwai wani makiyayi da ya tsaya neman aiki, a 1 Sama'ila sura 17. Sarki Saul ya dubi Dawuda ya ga yaro ne, bai taɓa zuwa yaƙi ba. Dawuda bai ƙirƙiro yaƙe-yaƙen da bai yi ba. Abin da ya faru da shi wajen kiwon tumakin ubansa ya faɗa, labarin zaki da beyar, ya kuma ba Ubangiji girman. Da aka sa masa kayan yaƙin sarki, ya gwada tafiya ya ji bai saba da su ba, sai ya tuɓe ya ɗauki majajjawarsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. "Dokta" da shekara biyar ɗin nan kayan Saul ne. Da yaronmu ya shiga da su, da ranar fari za su harɗe shi.

RANAR GANAWA

A waɗansu ofisoshi mutum ya kan iya ɓoye bayan takarda har shekara. A asibitin dabbobi ramin ƙarya ƙurarre ne, gama likita zai miƙa maka igiya ya nuna maka sa. Takarda ba ta kama sa. Saboda haka muka ce wa yaron ya bar kwat a gida, ya sa tufar da ba zai ji tausayinta ba, da takalmi rufaffe, ya kuma sake bitar abubuwan da ya kamata mai difloma ya sani ko cikin barci.

Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Saniya tana ɗaukar ciki kamar wata 9, akuya da tunkiya kamar wata 5. Yawancin allurar rigakafi ana ajiye ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in za a kai ta ruga kuwa sai cikin akwatin ƙanƙara, gama in ta sha zafi ta lalace ko da kwalbar tana nan a rufe. Magani bisa ga nauyin dabba a ke ba da shi. In an rubuta a kwalba mil 1 ga kowane kilo 10, san kuwa ya kai kilo 250, mil 25 ke nan, a kuma raba shi wuri biyu ko uku. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai ba da kaɗan cutar ta ƙi mutuwa, ko ya ba da da yawa dabbar ta sha wahala. A duba ranar lalacewar magani kafin a zuƙa.

Akwai kuma abin da ya shafi ran mutum. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura bai daskare ba, kada a feɗe ta, kada a ci, a kira likita nan da nan, gama yana yiwuwa ciwon saifa ne, yana kuwa kama mutum. An same shi a wata gona a ƙasar Suleja a Yulin 2023. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, gama haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba mai tashi.

In aka yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce, "Likita, ban sani ba, amma zan koya." Wanda ya yi ƙarya a gaban likita, haka zai yi a gaban dabba.

Shi ma mai neman aiki yana da tambayoyinsa, cikin ladabi. Nawa ne albashi, wace rana a ke biya? Akwai watannin gwaji? Wa zai sa mai a babur? Ana ba da safar hannu da takalmin roba? Maganar da ba a yi da fari ba ita ke zama faɗa a ƙarshe.

SUNA DA RANAR LAHADI

Game da shawarar maƙwabci, mun gaya wa yaron ya rubuta sunansa cikakke. Yawancin waɗanda zai yi wa aiki Musulmi ne, maƙwabtanmu ne, tare mu ke cin kasuwa ɗaya. Mai saniyar da ke kwance so ya ke ta tashi. Ba mu ce ba a taɓa hana wani aiki saboda addininsa ba, ya faru. Amma wanda ya shiga aiki da ɓoye sunansa, wace rana zai buɗe baki ya shaida Ubangijinsa? In kuma ba a ɗauke ka ba, kada ka yi saurin cewa saboda bangaskiya ne. Ka fara tambayar kanka ko wani ya fi ka iyawa.

Zancen Lahadi kuma a yi shi tun ranar ganawa. Ka ce kana zuwa sujada da safe, amma in an kawo dabba tana naƙuda ko ta kumbura, a kira ka za ka zo. Ubangiji da kansa, a Luka sura 14, ya nuna ba a barin dabba cikin rijiya saboda ranar hutu. Ka kuma ce kai za ka tsare wuri lokacin sallar Juma'a da ranakun Salla. Zaman tare ke nan.

ABIN DA YA FARU

Yaron ya tafi. Aka ba shi akuya, ya kama ta, ya auna zafinta, ya yi lissafin magani daidai. Aka ba shi igiya ya ka da sa, karon fari san ya ja shi cikin taɓo har mutane suka yi dariya, karo na biyu ya ka da shi. Tambaya ɗaya ya ce bai sani ba.

Ba shi aka ba aikin ba. An ba wani da ya daɗe yana yi. Amma likitan ya ce masa ya riƙa zuwa ranar kasuwa da lokacin fita rigakafi, za a biya shi ladan yini. Kuɗin kaɗan ne, ba alkawarin kome kuma.

Bayan mako biyu muka haɗu da mahaifinsa a bakin ɗakin sujada. Ya ja mu gefe ya ce, "Malam, da mun ba da ragon nan fa, da yanzu ba albashi ya ke ɗauka ba?"

Ba mu yi masa daɗin baki ba. Muka ce, "Baba, mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma da rago ya tafi, aiki bai zo ba. Amma a ce ma ya samu da takardar can, ranar da aka kawo saniya da maraƙi ya gitta mata a ciki, likita ba ya nan, aka ce ga Dokta mai tiyata, yaya zai yi? Ko ya gudu, ko ya sa wuƙa. Saniyar ta mutu, sunan gidanka ya ɓaci, sunan masu bi kuma ya ɓaci tare da shi a ƙauyukan nan."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce gidan da nauyi, ƙannen yaron uku suna makaranta. Gaskiyarsa ce, ba mu kuwa da amsar da za ta biya kuɗin makaranta. Muka yi addu'a tare a tsaye. Ragon dai yana nan a gida, yaron kuma yana tashi da asuba ranar kasuwa. Ya gaya mana makon jiya ya sa ruwa ta jijiya karo na fari, likita yana tsaye a kansa.

GA IYAYE DA IKKILISIYA

Iyaye, gaskiyar da mu ke so yaro ya rubuta a takarda tana farawa daga gida. Yaron da ya ga ubansa ya kai akuya marar lafiya kara ya rantse lafiyarta ƙalau, ya riga ya koyi yadda a ke rubuta takardar ƙarya. Ku ba 'ya'yanku, maza da mata, dabba su kula da ita tun suna ƙanana, su rubuta ranar da ta haihu da ranar da aka yi mata allura. 'Yan mata ma su shiga wannan karatu, gama akwai gidaje da yawa da namiji ba ya shiga, awakin kuwa a cikin gida su ke.

Dattawan ikkilisiya, in an nemi ku ba yaro takardar shaidar hali, ku rubuta abin da kuka sani kawai. Masu sana'a a cikinmu kuma ku buɗe wa matasa ƙofa su koyi aiki a hannunku.

Wanda Allah ya ba aikin kuwa, gwaji bai ƙare ba. Za a sami ranar da zai iya ƙara wa magani ruwa, ko ya sayar da wanda ya lalace, ba mai gani. Za a sami ranar da mai saniya ba zai so ya ji cewa sai a dakata da shan nononta ko yanka ta na 'yan kwanaki bayan allura ba, dole kuwa a gaya masa. Ku karanta Farawa sura 31 ku ga lissafin da Yakubu ya ba Laban bayan shekara ashirin na kiwo, ku tambayi kanku ko za ku iya ba da irinsa.

Karatun iyali na wannan wata: 1 Sama'ila 17:32-40, Farawa 31:36-42, Luka 16:10-12. Bayan karatu, kowa a gidan ya faɗi abu ɗaya da ya iya yi da hannunsa, da abu ɗaya da ya ke so ya koya. Ku tuna da yaron nan da iyayensa cikin addu'a, da dukan matasanmu da ke zaune da takardu a hannu.

In Ubangiji ya kai mu wata mai zuwa, za mu yi magana a kan albashin fari da yadda a ke raba shi. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.